John Deacon: Makaɗin da ya ajiye jita ya koma gida

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonninku suke shigowa a kan tambaya guda, bayan da guntun bidiyon wasan Queen, ƙungiyar makaɗan rock ta Ingila, a babban taron waƙa na Live Aid ya sake zagaya wayoyin jama'a. Kowa ya gane mawaƙinsu Freddie Mercury, kowa ya gane mai jita mai tulin gashi, amma ana tambayar wane ne na huɗun, wanda ke tsaye kusa da mai ganga yana kaɗa jitar bas kamar ba da shi ake yi ba. Yaya Bashir, na san ka daɗe kana jiran wannan rana.

Bashir: Na daɗe ƙwarai, Malama Hadiza, domin duk lokacin da na ambaci John Deacon a zaure sai a ce mini ba a san shi ba, alhali kuwa babu wanda bai taɓa gyaɗa kai ga kiɗansa ba. An haife shi a Leicester ta ƙasar Ingila a ranar 19 ga Agusta, 1951, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 11, kuma ya shiga ƙungiyarsa ta farko, wadda ake kira The Opposition, yana da shekara 14. Da jita ta yau da kullum ya fara, daga baya ya koma bas saboda wanda ke riƙe da ita bai gamsar da su ba. Ko da ya tafi Landan, karatun injiniyan lantarki ya kai shi Kwalejin Chelsea, kuma ya gama da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Sani: To, Yaya, yaya aka yi ɗalibin lantarki ya faɗa cikin Queen?

Bashir: Sai da suka gwada makaɗan bas uku kafin shi, babu wanda ya zauna. A farkon 1971 ya haɗu da Brian May mai jita da Roger Taylor mai ganga, suka saurare shi, suka ɗauke shi. Su da kansu sun sha faɗa cewa shirunsa na daga cikin abin da ya sa suka amince da shi, domin su ukun kowa yana ji da kansa, kowa yana da bakin magana, kuma gida ba ya ɗaukar zakara huɗu. Shi ne ƙaraminsu, shi ne kuma na ƙarshen shiga. A faifansu na farko, a 1973, har juya sunansa aka yi, aka rubuta Deacon John, wai don ya fi daɗin ji.

Hadiza: Kuma bai yi gardama ba?

Bashir: Ya jira faifai na biyu, aka mayar masa da sunansa yadda iyayensa suka raɗa. Amma ku bari in ba ku labarin na'urar ƙara sauti, domin a wurina nan ne mutumin yake. A 1972 yana tafiya a titin Landan sai ya hango wayoyi suna leƙe daga cikin kwandon shara. Ya tsaya, ya zaro wani allon lantarki da aka jefar, ya kai shi gida, ya saka shi cikin ƙaramin akwatin lasifika, ya haɗa masa batir mai ƙarfin volt 9.

Sani: Ashe dai ɗan bola-jari ne.

Hadiza: Na san sai ka faɗi haka.

Sani: Ai gaskiya ce, Anti. Mutumin da ya tsaya a bakin bola, ya sa hannu, ya ɗauko abin da wani ya yar, a garinmu suna ɗaya gare shi, ko da kuwa yana da digiri a aljihu. Abin da ya rage masa shi ne buhu da sandar ƙarfe.

Bashir: To, wannan ɗan bola-jarin ya ƙera abin da manyan injiniyoyi suka kwashe shekaru suna ƙoƙarin kwaikwayo. Akwatin ba shi da maɓallin ƙara murya ko rage ta, amma da Brian May ya jona jitarsa a ciki, sai ta riƙa fitar da sauti mai kama da goge da algaita. Duk inda ka ji kamar taron masu busa a tsofaffin faifan Queen, alhali babu mai busa ko ɗaya a ɗakin, akwai yiwuwar wannan akwati ne. Suna kiransa Deacy Amp, daga laƙabinsa, kuma daga baya masu bincike suka gano cewa allon ya fito ne daga wata rediyo da aka ƙera a Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau.

Sani: Kun ji ko? Mawaƙin haifaffen Zanzibar, akwatin kuma kayan Afirka. Ni dai zan fara duba bolar unguwarmu.

Hadiza: Idan ka samo wani abu, sai ka kawo mu gyara makirufon ɗinka da ke ta ƙara tun ɗazu.

Sani: Ba zan ba da shi kyauta ba, a kilo zan sayar.

Hadiza: Yaya Bashir, ka cece mu, mu koma kan kiɗan. Mene ne ainihin aikin mai bas, tun da yawancin masu sauraro ba sa iya tsamo sautinsa daga cikin waƙa?

Bashir: Aikinsa shi ne ya ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa, ya zama ƙasan da kowa ke takawa. Idan kin tuna yadda makaɗan kalangu ke riƙe wa babban mawaƙi kiɗa, ana yabon mawaƙin, su kuwa ba a ko tambayar sunansu, amma ranar da ɗaya ya kuskure kowa zai ji, to haka abin yake. Bambancin Deacon shi ne yana rubuta waƙa, duk da cewa ya sha faɗa da bakinsa cewa bai iya rerawa ba. Ya yi aure a Janairun 1975, kuma a shekarar ya rubuta wa matarsa You're My Best Friend, shi da kansa ya kaɗa fiyanon lantarki a cikinta saboda Freddie ba ya son irin wannan fiyano. Waƙoƙinsa ba su da yawa idan aka kwatanta da na sauran, amma kaɗan ɗin da ya kawo sun yi nisa. Another One Bites the Dust, a 1980, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, gidajen rediyon baƙar fata suka rungume ta, wasu masu sauraro ma ba su san Turawan Ingila ne suka yi ta ba. Shi mutum ne mai son kiɗan soul da funk tun yana yaro, ya kuma zauna tare da 'yan ƙungiyar Chic a ɗakin ɗaukar sauti, kuma duk mai kunne zai ji dangantakar. Michael Jackson ne ya ba su shawarar su fitar da ita a matsayin waƙa mai zaman kanta, domin su ba su yi niyya ba.

Sani: Ita kuma waccan da ake cewa ya manta fa?

Bashir: Under Pressure ke nan, a 1981, a Montreux ta ƙasar Siwizalan, lokacin da mawaƙi David Bowie ya shigo musu. Yadda abokansa ke ba da labarin, Deacon ya yi ta maimaita wani ɗan gajeren salo a kan bas, suka fita cin abinci, da suka dawo ya nemi salon ya rasa, sai da aka tuna masa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da aka tambaye shi daga baya, sai ya ce Bowie ne ya ƙirƙira, Bowie kuma ya ce ya tarar da shi an riga an yi. Ban taɓa jin inda mutum biyu ke tura wa juna irin wannan dukiya ba, musamman da yake a 1990 Vanilla Ice ya ɗauki salon nan ya gina tasa waƙar a kai, har sai da aka sa sunayensu a cikin marubutanta.

Hadiza: Akwai kuma batun kuɗi, domin na ji ana cewa shi ne ma'ajinsu.

Bashir: Bayan sun sha wuya a hannun manajojinsu na farko, suna da waƙoƙi a saman jadawali amma aljihu babu komai, shi ne ya zama mai karanta takardun yarjejeniya da duba lissafi. Wannan ɗabi'a ba ta bar shi ba. Freddie ya rasu a ranar 24 ga Nuwamba, 1991, kuma daga nan Deacon ya nuna cewa a ganinsa babu wanda zai maye gurbin. Ya fito a taron tunawa da shi a Wembley a Afrilun 1992, ya taimaka aka kammala faifan Made in Heaven na 1995, ya hau dandali na ƙarshe tare da su a Paris a Janairun 1997 da Elton John, ya kaɗa a waƙa guda a shekarar, daga nan ya rufe ƙofa. Yana da shekara 46 kawai. Bai halarci bikin shigar da su zauren girmamawa na rock a 2001 ba, bai bi su yawon wasa da Paul Rodgers ko Adam Lambert, mawaƙan da suka rera tare da su bayan Freddie, ba, ko fim ɗin 2018 da aka yi a kansu bai fito da shi gaban 'yan jarida ba. Yana zaune a kudu maso yammacin Landan, uban 'ya'ya shida, kuma May da Taylor sun ce har yanzu ana sanar da shi manyan shawarwarin kasuwanci, amma ba ya zama da su.

Hadiza: A takardata na rubuta cewa za mu ƙare da muhawara a kan ko amana ce ta sa ya janye ko gajiya, kuma na tanadi saƙonni uku na masu sauraro a kan haka, amma mai kula da sauti yana nuna mini agogo.

Bashir: Ni ina ganin duka biyun ne, kuma ban ma taɓo I Want to Break Free ba, wadda shi ya rubuta, ta kuma fito a 1984.

Hadiza: Sai wani makon, Yaya, idan Allah ya kai mu. Sani, kana da kalma ɗaya?

Sani: Tambaya gare ni. Akwatin bolar nan, a hannun wa yake yanzu?

Bashir: Yana wurin Brian May.

Sani: To, ya biya shi kuwa?

Hadiza: Mu kwana lafiya, masu sauraro.