Gida Ɗaya, Ƙofofi da Yawa: Lacca kan Ajiye Shafukan Intanet a Kwamfutar Gida

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda mutum zai ɗauki kwamfuta ɗaya a ɗakinsa, ko tsohuwar laftof ko 'yar ƙaramar Raspberry Pi, ya mayar da ita saba, wato kwamfutar da ke miƙa shafi ga duk wanda ya nema, ya ɗora mata shafukan intanet biyu, uku, har biyar, kowanne da tasa ƙofar. Abubuwa huɗu na rubuto a takardar nan, in Allah ya yarda za mu taɓa su duka.

Kada kowa ya raina kwamfutar gida. Shafin intanet na farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya kafa a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, a kan kwamfutar tebur ɗaya yake zaune, ƙirar NeXT, har sai da aka liƙa mata takarda ana roƙon kada kowa ya kashe ta. Daga nan aka fara.

To, na farko, mece ce ƙofar? Masu harkar fot suke ce mata. Adireshin IP shi ke kai ka gidan, lambar fot kuma ita ke gaya maka wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa. Lambobin sun tashi daga 0 zuwa 65535. Wasu an riga an raba su: 80 ta HTTP ce, wato hanyar buɗe shafi, 443 ta HTTPS, irinta mai tsaro, 22 ta SSH, ta shiga kwamfuta daga nesa. Duk ranar da ka buɗe shafi, burauzarka ɗaya daga cikin biyun farkon nan take ƙwanƙwasawa, ɓoye maka lambar kawai take yi. A Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin su Windows, duk ƙofar da ke ƙasa da 1024 sai mai cikakken iko a kan kwamfutar ke iya buɗe ta, shi ya sa mutane suka saba da 8080. Kuma ƙofa ɗaya, manhaja ɗaya. Apache da Nginx manhajojin saba ne. In Apache ta riƙe 80, ka zo ka tayar da Nginx a kan 80 ɗin, za ta ƙi tashi, ta ce maka akwai mai wurin.

Na biyu, yadda ake shiryawa. Wannan ba wuya. A Apache sai ka rubuta Listen 8080, ka ƙara layi ka rubuta Listen 8081, kowacce ka yi mata nata VirtualHost, wato nata sashen saiti, ka nuna mata folda da fayilolin shafin suke. A Nginx ma kusan haka ne. Ka sake tayar da sabar, ka ɗauki wayarka da ke kan wayifai ɗin gidan, ka rubuta adireshin kwamfutar, misali 192.168.1.20, ɗigo biyu, 8080. Ga shafi na ɗaya. Ka mayar da shi 8081, ga na biyu. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Akwai ƙofofin da burauza ke ƙin shiga da gangan, irin su 25 da 6000, kada ka zaɓe su. Sannan in manhajarka a kan 127.0.0.1 take sauraro, kwamfutar kaɗai ke ganinta, wayarka ba za ta gani ba.

Yanzu ga wurin da nake so ku ajiye biro ku dube ni. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar nan.

Mutane suna ɗauka da zarar sun raba shafuka biyu a ƙofofi biyu, sun gina katanga a tsakaninsu. Ƙofa fa ba katanga ba ce. In sake faɗa? Ƙofa ba katanga ba ce.

Kun san kuki. Ɗan ƙaramin rubutu ne da shafi ke ba wa burauzarka ta ajiye, domin in ka dawo ya gane kai ne wanda ya shiga ɗazu da kalmar sirri. Kamar 'yar shaidar da ake ba baƙo a bakin ƙofa. To, burauza a wurare da yawa tana bambanta 8080 da 8081, tana ɗaukarsu wurare biyu ne daban. Manhajar JavaScript da ke gudana a ɗaya ba za ta leƙa cikin ɗayan yadda ta ga dama ba. Amma da aka zo kan kuki, ba ta duba lambar ƙofa sam. Sunan gidan kawai take dubawa. Takardar ƙa'idar kuki, RFC 6265 ta shekarar 2011, ta faɗi haka ƙarara, cewa kuki ba ya raba shafuka bisa ƙofa. Ke nan kukin da 8080 ya ba ka, burauza za ta miƙa wa 8081 shi ma, ba tare da ta tambaye ka ba.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na taɓa ɗora shafuka biyu a kwamfuta ɗaya, duka da yaren kwamfuta na PHP aka rubuta su. Ɗaya na ajiye hotuna ne, ɗayan na wata 'yar ƙungiya ce da na yi wa rajistar mambobi. Sai na lura in na fita daga shafin hotuna, na koma ɗayan, shi ma ya kore ni. Dare uku ina bin abin nan. Na canza burauza, na sake girka sabar, ba abin da ya sauya. Sai da na buɗe wurin da burauza ke nuna kukis, na ga suna ɗaya tal: PHPSESSID. Shi ne sunan da PHP ke ba wa kukinta in ba ka canza ba. Shafukan biyu suna amfani da suna ɗaya, kuma a folda ɗaya suke ajiye bayanan wanda ya shiga.

Ku tsaya, korar ba ita ce babbar matsalar ba. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne da na gwada akasin haka. Na shiga shafin hotuna, inda ni ne mai lamba 1, sai na buɗe shafin ƙungiya ban saka kalmar sirri ba. Ya buɗe. Ya ɗauke ni a matsayin nasa mai lamba 1, wato mai kula da rajistar gaba ɗaya. Sunayen mutane, lambobin wayarsu, duk a gabana. A ranar ni ne, shi ya sa abin ya zo da sauƙi. In da wani ne fa? Amanar mutane ce a ciki. Ɗan uwa na ga kana girgiza kai, kai ma PHP kake amfani da ita ko? (dariya) To, yau da ka koma gida ka duba.

Maganin kusa shi ne kowane shafi ka ba kukinsa suna daban, ka kuma ware masa wurin ajiyarsa. Maganin da ya fi shi ne kowane shafi ya samu nasa sunan. Ina zuwa kan wannan.

Na huɗu... a'a, mun yi na uku kuwa? Ba mu yi ba. Rauta, wato na'urar da ke haɗa gidanka da intanet. Adireshin nan mai farawa da 192.168 na cikin gida ne, daga waje ba a ganinsa. Don na waje ya shigo, sai ka shiga saitin rautarka ka ce mata, duk wanda ya ƙwanƙwasa 8080 daga waje, ki tura shi ga kwamfuta kaza. Ka tabbata adireshin kwamfutar a cikin gida ba ya canzawa. Kuma in za ka gwada, kashe wayifai ka yi da datar waya, domin wasu rautoci ba sa barin ka fita ka dawo ta adireshinka na waje.

Lokaci yana gudu. Maganar suna: DNS, kundin sunayen intanet, suna yake haɗawa da adireshi, rikod ɗin da aka saba amfani da shi ba ya ɗauke da lambar ƙofa. Ke nan duk wanda za ka ba shafinka sai ka haɗa masa da ɗigo biyu da lamba, kuma rabinsu za su manta. Tun 1997, da HTTP/1.1, burauza tana faɗin sunan shafin da take nema. Saboda haka sai ka sa Nginx ta tsaya a 80 da 443 kamar mai gadi, ta ji sunan, ta tura baƙo zuwa 8080 ko 8081 ta ciki. Ƙofofin nan suna nan, amma sun zama na cikin gida. Kukis sun rabu, takardar shaidar HTTPS da hukumar Let's Encrypt ke bayarwa ma ta zo da sauƙi, tunda hanyarta da aka fi bi ta ƙofar 80 take tantance ka. Sai batun tsaro, wanda shi ne... na'am, Malama, ga hannunki a sama.

(Wata daga cikin mahalarta ta ce ta yi duk wannan a rautarta mai amfani da layin waya, a gida shafin yana buɗewa, daga waje kuwa shiru.)

Yawwa. Allah ya yi miki albarka, da na tashi ban faɗi wannan ba da na cuce ku. Malama, wataƙila laifin ba naki ba ne. Adireshin IPv4, wato irin wanda muka saba da shi, kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbun da ake rabawa daga ciki ya ƙare a 2011. Sai kamfanoni da yawa, musamman na layin waya, suka koma haɗa ɗimbin masu amfani a bayan adireshi ɗaya. CGNAT ake ce masa. Ma'ana, bayan rautarki akwai wata babbar rauta ta kamfani, wadda ba ki da makullinta. Ki buɗe ƙofa ɗari a taki, baƙo a waccan zai tsaya.

Ga yadda za ki gane. Ki shiga shafin rautarki ki duba adireshin da aka ba ta daga waje. Sannan ki buɗe ɗaya daga shafukan nan da ke gaya wa mutum adireshinsa. In biyun sun sha bamban, ko kika ga na rautar ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, to shi ne. Daga nan ko ki nemi kamfanin ya ba ki adireshi naki na kanki, in suna bayarwa, ko ki duba ko suna da IPv6, sabon tsarin adireshi, ko ki yi hayar 'yar ƙaramar saba a waje ki haɗa ta da ta gida ta WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin kwamfutoci, ita ta karɓi baƙi ta miƙo su. Akwai kuma Cloudflare Tunnel, inda kwamfutarki ce ke fita ta riƙe hanyar, ba sai an buɗe komai a rauta ba.

An ɗago mini takarda lokaci ya cika. Malama, rautar tana jakarki? To, kada ki tafi, kawo ta nan gaba mu duba lambar tare.