A Bar Baba Ya Yi Alwalarsa da Kansa

Assalamu alaikum. Shugaba, malamanmu, iyaye maza da mata, 'yan'uwa, barkanmu da war haka.

Maganata a kan dattawanmu ce da ake sallamowa daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, da ma'aikatan lafiyar nan masu taimaka wa mutum ya koma yin hidimominsa na yau da kullum, da ake ce wa OT (occupational therapist). Da yawanmu masu gashin ƙashi muke ɗaukarsu, alhali aikinsu daban ne. Damuwar OT ita ce: Baba zai iya shiga bayi shi kaɗai? Hajiya za ta iya sauke tukunya ba ta ƙone ba? Takan zo gida ta auna matakala, ta leƙa banɗaki, ta sa a kafa ƙarfen dafawa a bango. A nan Ingila, ƙarƙashin dokar kula da manya ta 2014, kayan taimako da ƙananan gyare-gyaren da ba su wuce fam 1,000 ba ƙaramar hukuma ke yinsu kyauta, kuma akwai taimakon farfaɗowa a gida har mako 6 ba a biyan ko kwabo. Mu nema, haƙƙinmu ne.

Sai dai OT ta zo ne ta tafi, wasu gidajen na jiranta. Abin da ta tsara, 'yan sa-kai ne ke raya shi sauran kwanakin: su raka mutum kanti, su hau bas da shi har tsoro ya sake shi, su koma su gaya mata inda ya cije. Ƙungiyoyin agaji na Age UK da Red Cross suna da irin waɗannan mutane, Allah ya saka musu, amma ba sa jin Hausa. Tsohon da mantuwa ta kama kuwa, sau da yawa Turancin da ya koya da girma shi ke fara guje masa.

Na taɓa zama tafinta a gidan wani dattijonmu. OT ɗin ta tambaye shi abin da ya fi so ya koma yi, ya ce ba komai. Da ta juya, ya raɗa mini: "Ɗana, alwala." Wata biyu ɗansa ke wanke masa ƙafa, kunya na cinsa. Na bayyana mata, ta sa ya gwada a gabanta, ta kawo kujerar wanka da soso mai dogon mariƙi.

Ga inda muke kuskure, ni ma ina ciki. Muna ganin tsoho na fama da maɓallin riga sai mu karɓe, mu ba shi abinci a baki. Ladabi ne, na sani, amma hannun da ba ya aiki mutuwa yake ƙara yi. In OT ta ce a bar shi ya yi, a daure a zuba ido ko zai ɗauki minti goma.

Muna neman masu ba da awa biyu a mako, musamman mata, domin Hajiya ba za ta yarda namiji ya raka ta banɗaki ba. Za a yi muku binciken DBS, wato duba ko mutum na da tarihin aikata laifi, kyauta ne ga 'yan sa-kai. Takarda tana wajen sakatare, a rubuta suna kafin a ɗauki abinci.

Wassalamu alaikum.