Darasi: Yadda Ake Haɗa Ƙasan Tifa Mai Taya Goma da Lego Technic

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Jidda muke gaishe ku, da na Makka da Madina da Riyad, da 'yan'uwa na gida masu kallo. Yau tifa za mu ɗora, mai taya goma, irin wadda kuke gani tana jigilar yashi a hanyar Makka. Ƙasanta kawai za mu yi, wato shasi da aksul biyu na baya masu ja da sitiyari. Kan mota da bodi sai darasi na gaba. Na ɗauka kowa ya san baƙin fil mai riƙo da mai ruwan toka mai juyawa, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Taya ake fara zaɓa, ita ke yanke girman komai. Wannan da ke hannuna, ku duba gefenta, an rubuta 62.4 x 20. Ita ce ta zo a saitin Arocs mai lamba 42043 na shekarar 2015. Tayar babbar mota ta gaske, 315/80 R22.5, tsayinta kusan milimita 1,075 ne. Raba shi da 62.4, ka sami 17 da ɗan kai. To ma'auninmu 1:17 ke nan, kuma duk abin da ka auna a motar gaske da 17 za ka raba. Faɗin mota mita 2.5, ya koma milimita 147. Daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami milimita 8 ne, ka ga rami 18 da ɗoriya, sai mu yi 19, domin a Technic mara ake so, a sami rami ɗaya a tsakiya inda farfela, wato shaf ɗin da ke kai juyin inji zuwa aksul, za ta bi. Tsakanin aksul biyun baya kuwa, a manyan motoci da yawa milimita 1,350 ne, wato rami 10 a wajenmu. Ku riƙe wannan 10, za mu dawo kanta. Wanda ke da ƙaramar taya ta 49.5, ma'auninsa ya koma wajen 1:22, faɗi rami 15, amma a nan wurin inji da batir zai yi masa ƙunci.

Inji kuma, XL na Power Functions, wato tsarin injin lantarki na Lego, nake so, mai lamba 8882. Kamfanin ya daina yin su, ya koma Powered Up da Control+, amma suna nan a hannun mutane, kuma rimot ɗinsu ba ya buƙatar wayar salula. In ba kaya a kansa, XL yana juyi kusan 220 a minti da cikakken batir. Injin L yana kai wajen 390, ya fi sauri, bai kai shi ƙarfi ba. Tifa ba tsere za ta yi ba.

Ga lissafin giya. Duk giya biyu da haƙoransu suka haɗu suka ba da 32, tazarar rami 2 suke zama: 16 da 16, 12 da 20, 8 da 24. Mutane suna son 8 da 24 saboda tana rage gudu ninki uku a zama ɗaya. Ni ba na sa mai haƙori 8 a bakin XL. Ƙarama ce, naman da ke jikinta kaɗan ne, in motar ta ci karo da dakali ita ce za ta fara karaya. Mai 12 nake sawa a bakin inji, ta ja mai 20 a ƙasa. 220 ya sauko 132. Daga nan wata mai 20 ta ja kambun difarenshal (giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama) mai haƙori 28, ya koma wajen 94. Kewayen taya milimita 196 ne, motar za ta riƙa cin kimanin mita 18 a minti. In aka ɗora kaya zai ragu. Ya isa tifa, kuma ƙarfin da ke bi ta farfela bai kai wanda zai murɗe shaf ba.

To yanzu ainihin aikin. Ƙanina, matso da kyamara nan.

Wannan shi ne difarenshal, tsohon samfuri mai haƙori 28. A cikinsa ƙananan giya uku ake sawa, siraran nan masu haƙori 12. Ta tsakiya ta fara shiga kan ɗan turakun, sannan ta hagu da ta dama. Sai ka saka shi cikin firam mai rami 5 da 7. Kada ka ce za ka haɗa masa gida da bim da fil. Dalili shi ne, giyar da ke haɗuwa a kusurwa, idan nauyi ya hau ta, ture juna suke yi. Gidan da aka harhaɗa yana buɗewa da rabin milimita, rabin milimitan nan kuwa shi ne ƙas-ƙas-ƙas ɗin da kake ji, inji yana juyawa mota tana tsaye. Firam ɗin nan zubi ɗaya ne, ba shi da inda zai buɗe. Shaf ɗin taya kuma, yi amfani da mai tsawon 5.5 mai kafaɗa, kafaɗar tana ciki, ta hana shi zarewa. Tura shi har ya cika cikin ƙaramar giyar. In ya shiga rabi, ramin giyar zai cinye ya zama zagaye, ka rasa ta.

Ga wurin da yake kayar da mutane, ku kalla da kyau. Aksul na farko, giya mai 20 tana jan kambun daga gaba. Don a kai ƙarfi ga aksul na biyu, sai mu sa wata mai 20 a bayan wannan kambun, ta karɓa ta miƙa. Amma wadda ke baya ba gefe ɗaya take juyawa da ta gaba ba. Duba, in na juya wannan dama, waccan hagu take yi, domin gaban kambu ƙasa yake yi, bayansa yana yin sama. Saboda haka idan ka saka difarenshal na biyu yadda ka saka na farko, kambu duk a hagu, tayoyin tsakiya za su yi gaba, na ƙarshe su yi baya. Kana danna rimot motar ta tsaya tana rawa, inji yana gurnani, wani abu ya fashe. Dole na biyun ya kife: na farko kambunsa a hagu, na biyu a dama. Zan sake faɗa. Na farko hagu, na biyu dama. Ko akasin haka, ba damuwa, in dai sun saɓa. Kafin ka rufe komai, juya farfela da yatsa ka ga duk shaf huɗun suna tafiya waje ɗaya. Gwajin daƙiƙa biyar ne, rashin yin sa kuwa warware rabin shasi ne.

Yanzu waccan 10. Firam biyu, kowane tsawonsa 7, in tsakiyarsu ta yi nisan rami 10, abin da ya rage a tsakani rami 3 ne cif. Tsawon gwiwar farfela, wato joyin ɗin nan mai lanƙwasa, shi ma 3 ne. Ya zauna kamar don shi aka yi. Miƙo min shaf mai 3... a'a, ajiye, mai 2 ja nake nufi bai isa ba, mai 3 ɗin dai, sai ya ratsa giya da bangon firam sannan ya shiga joyin. Yawwa.

Joyin ɗaya ba ya ba da lilo mai yawa, amma ka bar wa aksul ɗin ɗan motsi, kada ka ɗaure su tamau da shasi. Difarenshal ɗin nan buɗaɗɗe ne, duk tayar da ta tashi daga ƙasa ita yake bai wa juyi, ta yi ta wulwulawa a iska. Ko bakin darduma ya isa ya ɗaga taya ɗaya. Bim mai rami 11 a kowane gefe, ƙarshensa biyu a kan aksul biyun, tsakiyarsa a jikin shasi da fil mai juyawa, ya wadatar.

Daga giya mai 20 ta ƙarƙashin inji zuwa aksul na farko joyin biyu ne da shaf a tsakani. Ku lura da bakunansu. Shaf ɗin Technic giciye ne, ta fuska huɗu yake shiga, don haka abu ne mai sauƙi ka sa joyin ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Bakunan biyu da ke riƙe da shaf na tsakiya su kalli waje ɗaya. In sun saɓa, motar za ta riƙa tafiya tana fizga, musamman a ƙaramin gudu, ka yi ta zargin batir.

Shasi ba wani abu ba ne, kun iya. Layi biyu na bim mai rami 15, rami 5 a tsakaninsu, shi ne daidai faɗin XL. Abu ɗaya kawai: inda bim ya haɗu da bim, su hau juna da aƙalla rami 5, fil uku, kuma mahaɗar hagu kada ta zo daidai da ta dama. Akwatin batir 8881 mai AA guda 6 shi ne mafi nauyi a motar, ka kwantar da shi bayan kan mota, ƙasa-ƙasa, nauyin ya karkata wajen tayoyin da ke ja. Batir na yarwa guda 6 suna ba da bolt 9, masu caji kuwa 1.2 ne kowane, 7.2 gaba ɗaya. Motar za ta ɗan rage gudu da masu caji, amma aljihu zai huta. Ni su nake zaɓa.

Sitiyari. Injin sabo ne (servo), mai lamba 88004, wanda ke juya digiri 90 hagu, 90 dama, ya dawo tsakiya da kansa. Kafin ka sa masa giya, haɗa shi da risiba, wato abin da ke karɓar saƙon rimot, kunna batir, ka bar shi ya nemi tsakiyarsa. Sannan ka miƙar da tayoyin gaba, sannan ka zura shaf. In ka tsallake wannan, motar za ta riƙa jan gefe, kuma ba abin da rimot zai gyara. Giya mai 12 a kan sandar haƙora, rubu'in juyi yana tura ta milimita 9 da ɗan kai. In hannun sitiyarin rami 2 ne, taya za ta karkata wajen digiri 36. Da mai haƙori 8, a nan ba laifi a sa ta tunda ba nauyin ja a kanta, milimita 6 da ɗan kai ne, digiri 23 ko kusa. Duba sararin da kake da shi. In taya tana gogar shasi kafin sabo ya gama juyinsa, zai tsaya yana ƙugi yana zafi, to koma wa mai 8. Kwanar za ta yi faɗi, amma tifar gaske ma ba a tsakar ɗaki take juyawa ba.

Risiba 8884 tana da baki biyu, ja da shuɗi. XL a ja, sabo a shuɗi, tasha ɗaya da rimot cikin huɗun nan. In ka tura gaba motar ta yi baya, kada ka warware komai, akwai ɗan baƙin maɓalli a jikin rimot 8885 da ke juya al'amarin. Jak ɗin ɗaga bodi zai buƙaci risiba ta biyu a wata tasha, ku bar mata wuri tun yanzu.

Sai maganar garinmu. Risibar nan da hasken infared take aiki, rana kuma tana makantar da ita. A falo za ta ji ka daga bango zuwa bango, ka hau soro da azahar ta daina jin ka a taku kaɗan. Masu son wasa a fili su nemi mai bulutut, ko Control+ ko irin su BuWizz da SBrick da ke karɓar wayar Power Functions. Kuma kada a bar motar a cikin mota a rana. Kamfanin da kansa ya ce ko ruwan wanki kada ya wuce digiri 40, cikin motar da aka ajiye a Jidda da rani kuwa ya wuce haka nesa. Bim yana lanƙwashewa, fil ya saki riƙo, farare su yi rawaya. Cire batir in za a daɗe ba a kunna ba, danshin bakin teku yana cin ƙarfen akwatin. Yashi kuma, in ya shiga tsakanin shaf da rami, gurza yake yi har ka ga farin gari. Burushin fenti busasshe ya isa. Ban da man inji, ban da man shafawa, suna tara ƙura kuma wasunsu suna lalata roba. In ya zama dole, ɗigon silikon a kan giya.

Masu tambayar inda ake samun kaya, a kasuwannin gwanjo akan ci karo da buhun tarkacen Lego na hannu, sai dai a gauraye yake da na kwaikwayo. Bim da faranti na kwaikwayo suna iya aikin bodi. Giya da difarenshal da joyin kuwa a nemi na asali, ku duba sunan kamfanin a jiki, ƙanana ne rubutun, sai da hasken waya. Inji kada a biya sai an gwada, a kuma lanƙwasa wayar daga gindinta a ga ko ta tsage, don nan take fara mutuwa. Muna da 'yan firam da difarenshal da suka yi mana yawa, mai buƙata ya yi magana.

Bari mu gwada. Ƙanina, ɗora mata robar ruwan nan biyu, lita ɗaya da rabi kowace, kilo 3 ke nan. Sa littafin can a gabanta. Gaba... ta hau. Kun ji ba ƙas-ƙas. Hagu, dama, ta dawo tsakiya. Tayar baya ta dama tana ɗan gogar bim ɗin lilo, rabin bushin za mu ƙara a bayan rim, shi ke nan. Don darasi na gaba ku tanadi injin M, babban jak mai zare guda 1, giya mai 12 da mai 20, da faranti 5 da 11 kamar guda 12 na bodi. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.