Tsakanin "Mai Kyau" da "Mummuna": Lacca a kan Ma'aunin Kishiyoyin Kalmomi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, 'yan'uwa ɗalibai, na gode da kuka ba ni wannan dama.

Ku dubi allo. A sama na rubuta kalma ɗaya: likita. A ƙarƙashinta na ja layi, na raba shi gida bakwai. A wannan bakin na sa "mai kirki", a wancan bakin na sa "mugu". Abin da nake so daga mai amsa shi ne ya ɗora alama a gidan da zuciyarsa ta fi kwantawa. In ya matsa can ƙurya, abin ya yi masa ƙarfi. In ya tsaya kusa da tsakiya, sama-sama ne. Sai a jero wasu layukan goma ko ashirin, kowanne da tasa kalma da kishiyarta: mai ƙarfi da rarrauna, mai sauri da mai nawa, mai tsabta da ƙazami. Shi ke nan ma'aunin. Sauƙinsa ne ya sa masu binciken jin ra'ayin jama'a ke ƙaunarsa, kuma sauƙin nan ne yake kai su ya baro.

Wanda ya fito da shi masanin halayyar ɗan'adam ne, Charles Osgood, na Jami'ar Illinois a Amurka. Ya gabatar da dabarar a wata maƙala a 1952, sannan a 1957 shi da George Suci da Percy Tannenbaum suka fitar da littafinsu a kan auna ma'ana. Kafin su, tun 1932, akwai ma'aunin Rensis Likert, wanda ake ba mutum cikakkiyar jimla a ce ya faɗi ko ya yarda ko bai yarda ba. Matsalar jimla ita ce tana zuwa da ra'ayin wanda ya rubuta ta, ga kuma mutanen da duk abin da ka faɗa sai su ce "haka ne" don kara. A ma'aunin Osgood babu abin da za a yarda da shi. Hanya ce mai baki biyu, sai mutum ya nuna inda ya tsaya.

A bincikensu na farko sun ba ɗalibai 100 kalmomi 20, kowace an auna ta da layuka 50. Da suka yi lissafin da ke gano layukan da amsoshinsu ke tafiya tare, sai suka ga hamsin ɗin nan sun taru a manyan gidaje uku. Na farko, kuma mafi girma, shi ne ƙima: abin nan mai kyau ne ko mummuna? Na biyu ƙarfi: babba ne ko ƙarami, mai ƙarfi ko rarrauna? Na uku kuzari: yana motsi ko yana kwance? Ku gwada da jariri. Mai kyau ne, ba shi da ƙarfi, amma ga wutsil-wutsil. Ku gwada da guguwa: mummuna, mai ƙarfi, mai kuzari. Idan ra'ayin mutum game da wani abu kake nema, so ko ƙi, gidan farko, wato ƙima, ne wajen zuwanka.

To, ga inda nake so mu daɗe. Osgood ya so ya san ko gidajen nan uku na masu Ingilishi ne kawai. Shi da William May da Murray Miron suka faɗaɗa aikin zuwa al'ummu sama da 20 masu harsuna daban-daban, suka buga sakamakon a 1975, kuma gidajen uku sun sake bayyana. Amma ku lura da yadda suka yi. Ba su ɗauki jerin Ingilishi suka fassara ba. A kowane wuri sun ba samari 'yan sakandare 100 sunayen abubuwa 100, suka ce kowa ya kawo siffar da ta fara zo masa. Daga cikin waɗannan aka tsamo waɗanda suka fi yawan fitowa, aka nemi kishiyoyinsu daga bakin masu harshen, sannan aka gina ma'auni. Gaskiya ne maza zalla aka tambaya, kuma wannan giɓi ne babba. Duk da haka hanyar daidai ce: kalmomin daga bakin masu amsa suka fito. Yau kuwa sai ka ga mai bincike ya ɗauko takardar tambayoyin wani harshe, ya buɗe ƙamus, kafin la'asar ya gama. Wannan yana damuna ƙwarai, domin alƙaluman da za su fito za su yi kyau a ido, alhali ba a san me suka auna ba.

Mu ɗauki harshen da muke magana da shi yanzu. Mene ne kishiyar "mai kyau"? Wani zai ce "marar kyau", wani zai ce "mummuna". Ba ɗaya ba ne fa. "Marar kyau" yana iya tsayawa a rashin kyau kawai, "mummuna" kuwa ya tsallaka ya shiga muni. Idan ka sa "marar kyau" a ƙarshen layi, ka gina rabin hanya ne ka kira ta cikakkiya, kuma tsakiyarka ba tsakiya ba ce. Haka "marar amfani" da "mai cutarwa". Maganin da ba ya komai daban, maganin da ke illa daban.

Kada ku ɗauka wannan kaɗifiri ne na masu nahawu. A 1991 Norbert Schwarz da abokan aikinsa sun buga wani gwaji da aka yi a Jamus. An tambayi mutane iya nasarar da suka samu a rayuwa, a kan ma'auni mai gida 11, kalmomin bakin biyu iri ɗaya ga kowa. Wasu an sa musu lamba daga 0 zuwa 10, wasu daga -5 zuwa +5. A kashin farko, kashi 34 cikin 100 suka zaɓi gidaje shida na ƙasa. A kashi na biyu, 13 cikin 100 kacal. Me ya faru? Sifiri sun karanta shi a matsayin rashin nasara, amma -5 sun karanta shi a matsayin faɗuwa warwas. Lamba ce kawai ta canja ma'anar bakin layin har haka. Ina ga kalma?

Sai kuma kalmar da ke sauya riga gwargwadon abin da aka jingina ta da shi. "Zafi da sanyi" kishiyoyi ne sarai idan ruwa ake aunawa. Amma a ce ma'aikaci: "mai zafi" na iya zama mai faɗa, na iya tuna wa wani zafin nama, wato yabo. "Mai sanyi" kuma ko mai haƙuri ne, ko wanda ba ya kataɓus. "Nauyi" ma haka: a kan kaya wahala ce, a kan dattijo daraja ce. Osgood da kansa ya lura cewa layi ɗaya yana iya barin gidan ƙarfi ya koma gidan ƙima idan aka canja abin da ake aunawa. Saboda haka layin da ya yi aiki a binciken wayar hannu, kada ka ɗauka zai yi a binciken shugabanci sai ka gwada.

Gidan tsakiyar layi kuma, na huɗu cikin bakwai ɗin nan, shi ne mafi wuyar karantawa. Mutum uku na iya haɗuwa a can. Ɗaya bai damu da abin ba. Ɗaya ya ga layin bai dace ba, kamar ka tambaye shi ko haraji dogo ne ko gajere. Na uku kuwa ya damu matuƙa, yana son abin ta wani gefe, yana ƙinsa ta wani, sai ya rasa inda zai sa alama. A 1972 Kalman Kaplan ya ba da shawarar a raba layin biyu: a tambayi iya kyawun abin shi kaɗai, sannan a tambayi iya muninsa shi kaɗai. Wanda bai damu ba zai ba da ƙasa a duka biyun, mai zuciya biyu zai ba da sama a duka biyun. A kan batutuwan da ke raba kan mutane, ni wannan nake zaɓa, ko da takardar za ta ƙara tsawo.

Irin wannan ruɗin yana faruwa a lissafi. Rabin mutane sun zaɓi 1, rabi sun zaɓi 7, matsakaici ya ba ka 4, sai ka rubuta cewa jama'a ba ruwansu, alhali sun rabu gida biyu ne. Ku riƙa duba yawan waɗanda suka faɗa kowane gida kafin ku taɓa matsakaici.

Game da tsara takarda, a gurguje: kada duk kalmomin yabo su taru a gefe ɗaya, don kada hannu ya saba ya riƙa gangarowa ba karatu, amma ku tuna ku juya lambobin waɗanda kuka juya kafin ku tara. Idan ta waya ake tambaya, ko mai amsa ba ya karatu, layi mai gida bakwai ba ya zama a kunne. Ku raba shi: "A ganinki mai amfani ne, ko mai cutarwa, ko tsaka-tsaki?" In ta zaɓi gefe, sai ku ce: "Kaɗan, ko sosai, ko ƙwarai da gaske?" Kun sami gida bakwai ɗinku.

Na ga hannun Malama a sama tun ɗazu. Kafin in ba ta dama, ga aikin da nake so kowane rukuni ya kawo mako mai zuwa. Ku sami mutum goma irin waɗanda za ku bincika, ku faɗa musu kalmar gefe ɗaya kawai tare da abin da za a auna, ku ce su ba ku kishiyarta. Ku rubuta amsar kowa yadda ya faɗe ta. Layin da goman suka watse a kansa, ku ajiye shi gefe, mu duba shi tare. Bismillah, Malama.