Jariran taurarin Orion, daga bayan gidana a Massachusetts

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da rawar muryata, sanyin Janairu ne na jihar Massachusetts a Amurka, yatsuna har sun ƙage a jikin kyamara.

Kun ga taurari ukun can da suka jeru, na rukunin taurarin da ake kira Orion? To ku sauke ido ƙasa kaɗan. Akwai wani ɗan fari-fari kamar hayaƙin turare. Wannan shi ne gajimaren Orion, tarin ƙura da iskar gas inda ake haihuwar taurari. Ku da ke Kano ko Damagaram ma, in hazon hunturu ya lafa, za ku gan shi da idonku. Hasken da muke kallo yanzu ya yi kusan shekara 1,350 a hanya kafin ya iso.

A ido shiru yake, lafiya lau. Amma wallahi cikinsa tafasa yake yi.

Ba nisa da nan, a Burlington, akwai ɗakin da ake sarrafa Chandra, na'urar hangen nesa da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 1999. Ita hasken eksire take kamawa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Dole aka kai ta sama, don iskar duniyarmu tana tare wannan haske. A Janairun 2003 aka sa ta kafa wa wannan gajimare ido kusan kwana 13. Ta ƙirgo ɗigon haske sama da 1,600, yawancinsu taurari ne da ba su wuce shekara miliyan ɗaya zuwa biyu ba. Da yawa ƙura ta lulluɓe su, madubin hangen nesa na yau da kullum ba ya ganinsu, shi kuwa eksire ratsawa yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fushinsu. Ƙarfin maganaɗisun jikinsu yana murɗewa, ya tsinke, sai wuta ta tashi, zafinta miliyoyin digiri. Eksiren da suke fitarwa yakan ninka na ranarmu sau ɗaruruwa, har dubbai. Kuma wasunsu girmansu ɗaya da rana. Wato ranar nan da ke nunar mana da gero, haka ta yi ƙuruciya shekara biliyan 4.6 da suka wuce, lokacin duniya tana ƙura tana zagaya ta. Subhanallah.

Bari in matso muku da hoton sau ɗaya kafin hadarin can ya rufe shi. Ga shi nan, dai-dai saman rufin maƙwabcina.