Yadda za ka ɗauko mai feshi ba tare da ka biya sau biyu ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Toh yau maganar masu feshi za mu yi, don zafi ya shigo kuma kun san kuɗin cizo da kyankyasai lokacinsu ne wannan, wani gidan ba a iya barci sai dai a kwana ana susa.

Abu na farko, kafin ka kira kowa ka san me ke damunka. Kuɗin cizo ne, gara ce ta kama silin ko ƙofa, ɓeraye ne, ko kyankyasai ne ke fitowa daga masai? Kowanne da maganinsa. Ɗaga katifa ka duba bakin ɗinkin, in ka ga baƙin ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa tawada, ga ɗan jini a zanin gado, toh kuɗin cizo ne. Ɗauki hoto da waya ka tura wa mai feshin. Wanda ya yanka maka farashi bai tambaye ka ɗaki nawa ba, bai tambayi wane ƙwaro ba, rabu da shi kawai.

Ina za ka samo shi? Tambayi maƙwabta, tambayi masu makarantar kwana ko masu otal na kusa da kai, su kullum cikin feshi suke, sun san wanda aikinsa ke ci. Ko ka leƙa sakateriyar ƙaramar hukuma wajen duba-gari, don akwai hukumar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, wato EHCON, da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ba laifi ba ne ka ce malam nuna min takardarka. Na Facebook da WhatsApp ɗin nan ma akwai na kirki, amma ka ce ya ba ka lambar gidan da ya taɓa yi wa aiki.

Yawwa, nan nake so ku saurara da kyau. Ni kaina an taɓa yi min, wani yaro ya zo da injin goyo a baya, ya haɗa wani ruwa daga gorar lemo wadda babu rubutu a jikinta, gida ya ɗau wari har ido na yaji, muka ce lallai wannan magani da ƙarfi. Kwana goma ba a yi ba kuɗin cizon suka dawo, wallahi har sun fi na da. Na kira lambarsa a kashe. Dalili shi ne ƙwan kuɗin cizo feshi bai cika kashe shi ba, cikin kwana 6 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe, shi ya sa aikin gaskiya sau biyu ne, a yi yau a dawo bayan sati biyu. Don haka in kuna ciniki ka tambaye shi, kuɗin nan har da dawowa? Wanda ya fi kowa sauƙi amma zuwa ɗaya zai yi, ai kun san araha ba ta ado. Ka nemi farashin mutum uku, ka ba da rabi kafin alƙalami, ragowar sai ya dawo na biyu.

Sannan ka ce a buɗe maganin a gabanka, ka ga kwalbarsa da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wari ba shi ne ƙarfi ba. Fiya-fiya da Sniper sinadari ɗaya ne a ciki, dichlorvos, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa barkatai saboda rayukan da aka rasa. Wanda kuma ya ce zai ajiye maka ƙwayar bom, wadda ake sa wa wake a buhu, a ɗakin kwana, don Allah ka sallame shi nan take, iskar da take fitarwa tana ratsawa har ɗakin maƙwabci kuma tana kisa.

Hanyar rage kuɗi kuwa, in gidan haya ne ku haɗa kai duk ɗakunan a yi rana ɗaya, farashi zai sauka, dama in kai kaɗai ka yi daga ɗakin maƙwabci za su sake shigo maka. Kuma ka yi naka aikin tun kafin ya zo, fitar da katifa rana, wanke zannuwa da ruwan zafi, janye gado daga bango, kwashe kwanuka da abinci, rufe randa.

Yara, mai ciki, mai asma, kaji da kyanwa duk a fita da su. Tambaye shi awa nawa za a yi kafin a shiga, in kun dawo a buɗe tagogi iska ta ratsa, a goge inda yara ke rarrafe, amma jikin bango da lungun gado kar uwargida ta wanke, nan maganin ke zaune yana jiran waɗanda za su ƙyanƙyashe.