Maɓallin Tsayarwa Rufaffe Ne, To Me Ya Sa Muke Zana Shi a Buɗe?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hoton zanen tsanin nan nawa (wato firogiram ɗin tayar da inji da tsayar da shi, wanda ake zanawa kamar tsani) ya fara yawo, tambaya ɗaya ake ta jefo min: "Malam, anya ba kuskure ka yi ba? Maɓallin tsayarwa rufaffe ne, amma a firogiram ka sa masa alamar buɗaɗɗe." Wani bawan Allah har zagaye wurin ya yi da jan biro. To ba kuskure ba ne, ku matso kusa da tebur.

Ga kayanmu: ƙaramar PLC (na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke sarrafa inji bisa firogiram) ta Siemens, S7-1200 mai aiki da bolt 24, koren maɓallin tayarwa, jan maɓallin tsayarwa, kwantakta (babban makunnin da ke ba inji wuta) da inji. A kashe wuta tukuna, a gwada da mita. Wayar + ta bolt 24 zuwa sukurun PLC mai suna L+, wayar − zuwa M. Sai a haɗa 1M da M, ta nan wutar maɓallai ke komawa. Wanda ya manta da ita zai yi ta dannawa har yatsa ya yi tsami, ko fitila ɗaya ba za ta kama ba. Kore zuwa I0.0, ja zuwa I0.1, wato mashigan saƙo na PLC, kowacce da fitilarta. A ba 1L wuta, sannan Q0.0, wato mafitar saƙo, ta tafi A1 na kwantakta. Kada a rataya inji kai tsaye a nan, rilen ciki, wato ƙaramin makunnin da ke cikin PLC, amfiya 2 ne iyakarsa. A kwamfuta kuwa, buɗe TIA Portal, manhajar rubuta firogiram ta Siemens, zaɓi ainihin lambar na'urarka, daidaita adireshin IP, shi ke nan.

Yanzu ku dubi fitilun nan da kyau. Hannuna biyu ga su, ban taɓa komai ba, amma fitilar I0.1 tana ci. Dalili kuwa, jan maɓallin a rufe yake zaune, wuta na ratsa shi kullum, sai an danna take yankewa. Ke nan a ƙwaƙwalwar PLC, I0.1 tana kan 1.

A nan ake tuntuɓe. PLC ba ta da ido, ba ta san ja ko kore ba, ba ta san rufaffe ko buɗaɗɗe ba. Abin da ta sani kawai: akwai wuta a bakin wannan sukuru, ko babu? Saboda haka sandunan nan biyu da kuke gani a allo, wato alamar buɗaɗɗe, tambaya suke yi: "Akwai wuta a I0.1?" In akwai, su ba da hanya. Mai karkataccen layi a tsakiya kuma, wato alamar rufaffe, cewa take: "Babu wuta a I0.1?" In babu, ta ba da hanya. Mu me muke so? Inji ya ci gaba da juyawa muddin ba a danna ja ba, wato muddin akwai wuta. Kun ga kuwa tambayar farko ce tamu.

Ni dai ban ga laifin masu ruɗewa ba, sunayen ne suka yaudare su. A 1968 kamfanin General Motors a Amurka ya nemi abin da zai maye gurbin manyan akwatunan rile, daga nan Modicon 084 ta fito. Aka aro alamomin zanen rile domin masu gyaran wuta su saba da wuri. A wancan zane alamar tana nufin ƙarfen da ke haɗuwa da gaske. Aka ɗauko hoton da sunansa, ma'anar ta sauya a hanya.

Bari mu bi shawarar mai jan biro. Na sa mai karkataccen layi, na tura firogiram cikin PLC. Na danna kore... shiru kake ji. Yanzu na riƙe ja, na danna kore. Ga inji ya tashi! Maɓallin tsayarwa ya zama na tayarwa, abin dariya in ba hannun mutum ne a cikin inji ba.

Wani zai ce, ai sai a sauya jan ya zama buɗaɗɗe, a bar karkataccen layin. Zai yi aiki kam, har ranar da jijjiga ta kwance sukuru ko ɓera ya gwada haƙoransa. Ga shi na haɗa hakan, na zare wayar. Inji na ta gudu. Ina danna ja, ina dannawa, ko a jikinsa, don saƙon ba shi da hanyar isa.

Mu koma namu. Q0.0 ɗin nan da ke ƙarƙashin I0.0 ita ke riƙe layin bayan an saki kore. Maɓallin gaggawa kuma kada a bar shi ga firogiram kaɗai, ya yanke wutar kwantakta da kansa.

To ga sukudireba. Inji na juyawa, na sassauta wayar I0.1, fitila ta mutu, kwantakta ta ce ƙas, inji ya tsaya. Na mayar da waya, fitila ta dawo, amma inji yana nan kwance. Sai na danna kore.